Layar Injiniya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka farke mini laya a gaban dattawan Matameye ba. Shekarar fari ce, ga sojoji a kan mulki. Ni kuma ban daɗe da dawowa daga cirani a Kano ba, da takardar koyon ordinater, wato kwamfuta, ta wata uku (wata biyu a ciki shara na yi wa mai shagon). Duk da haka gari ya sa mini suna Injiniya, ni kuwa ban musa ba.

Ƙungiyar manomanmu tana da ordinater ɗaya da wani furoje, wato shirin taimakon manoma, ya ba ta. Da aka damƙa mini ita sai na kulle ta da kalmar sirri, na bar wa sauran mutane ɓangaren da ba a iya girka komai. Na rubuta kalmar a 'yar takarda, na naɗe, na ba Inna. Na ce ta adana, kada kowa ya gani, aikina duka a kanta yake.

Ranar nan za mu aika sunayen gidajen da za a ba hatsin agaji, daga Dawce, Yauri da Icirnawa, kuma da la'asar za a rufe karɓa. Biro, wato ofishin ƙungiyar, ya cika. Na buɗe shafin, sai ya ce sai an girka masa wani ƙaramin abu kafin fom ya fito. Na danna. Ordinater ta ce ba ni da izini. Na sake dannawa, da ƙarfi wannan karon. Ba ni da izini.

Farkon kalmar na san shi sarai, lambobin ƙarshe ne suka gudu daga kaina. Maimakon in faɗi gaskiya sai na gyara murya na ce, "Sojoji ne suka toshe daga Yamai." Wani tsoho har ya leƙa waje.

Alhaji Mamman, shugaban ƙungiyar, ya dube ni ya ce, "Yaro, sojoji sun san da zamanka kuwa?"

Nan na amsa laifina, aka tura a kira Inna. Ta shigo tana gyara mayafi, ta ce, "Wace takarda? Ai ga ta nan a damtsenka." Ashe da ta ji na ce aikina a kanta yake, sai ta kai wa baduku ya ɗinke ta a fata, ta ɗaura mini a matsayin laya. Wata biyar ina yawo da ita, ina jin ƙarfin addu'a a jikina!

Aka kawo reza. Aka farke layar, sai Mushe Isa (Mushe muke ce wa malamin boko), sakatarenmu, wanda ya yi shekara ashirin yana koyarwa a lakwal kuma bai iya magana a hankali ba, ya karɓe takardar ya ce, "Kai ka buga, ni in karanta maka." Kafin in buɗe baki ya ɗaga murya kamar yana ba da shifta: "Rabi-ina-sonki, huɗu, bakwai, biyu!"

Rabi ita ce autar Alhaji Mamman. Ko gaisuwa ban taɓa iya yi mata ba tare da in'ina ba.

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Haka na buga, harafi bayan harafi, dariya na tashi a bayana, Inna na salati. Abin ya girku, fom ya fito, sunaye suka tafi ana kiran la'asar.

Alhaji bai yi dariya ba sai da ya sa takalmi. Ya ce, "Injiniya, a garin nan in ana son yarinya manya ake turowa. Ba ordinater ake faɗa wa ba."

Tun daga ranar na koyi abu guda: kada ka sa kalmar sirrin da ba za ka iya jin ta a bakin Mushe Isa ba. Tawa ta yanzu sunan jakin maƙwabcinmu ce.