Man Shanu a Bakin Malam Haladu

A layinmu na Funtuwa akwai wani malamin kimiyyar sinadarai, Malam Haladu, ɗan siriri kamar tsinken tsire, amma wajen ci sai dai a yi masa addu'a. Kullum bayan magariba muna ciyayya a ƙofar gidan Baba Na'iya, tsohon direban tirela, kowa ya fito da kwanon gidansa. In miyar kuka ce lami, Malam shiru yake yi. Ranar da aka buɗe kwano ƙamshi ya tashi kuwa, ranar ilimi ke motsa masa.

Sai ya gyara zama ya ce ai sunayen sinadarai ba haka kawai aka raɗa su ba. Wai akwai wani asid mai suna fomik, daga sunan tururuwa a harshen Latin aka samo shi, don tururuwa aka dafa aka tatso shi. Kafin ya dire, mutum biyu a cikinmu sun tsame hannu. Mu dai muna ganin ƙaruwa muke yi, ashe mugun nan namanmu yake cinyewa. Wallahi har yau abin na ci mini rai.

Ran nan aka fito da tuwon shinkafa daga gidan Baba Na'iya, miyar taushe da naman akuya, man shanu har yana kwanciya. Malam ya leƙa, ya haɗiye yawu, ya soma. Wai warin tsohon man shanu daga asid ɗin butirik ne, sunan ma man shanu yake nufi, kuma shi ne dai ke cikin amai. Wani kuma kafroyik, daga sunan akuya, saboda warin bunsuru. Kowa ya riƙe lomarsa a hannu. Malam ya naɗe hannun riga ya nufi tsoka mafi girma.

Baba Na'iya ya riƙe masa wuyan hannu.

"Malam, duk wannan ƙazantar tana cikin kwanon nan?"

"Ƙwarai kuwa, Baba. Ai ilimi ne ya tabbatar."

Tsohon ya janye kwanon zuwa tsakiyarmu, ya tura masa tuwon dawa da miyar kuka.

"To ai kai da ka sani bai kamata ka ci ba. Bar mana, mu jahilai za mu lallaɓa."