Marurun da Ya Kai Ni Zauren Sarkin Aska

Na yi yawo, na ga Lakwaja, na ga Ikko, na sha kunya iri-iri, amma ba zan taɓa mantawa da wadda na sha a Kalgo ba.

Lokacin muna koyon aikin asibiti wajen wani Likita Bature a Birnin Kabi. Ƙasa ta rabu biyu kan lambar agana: wasu na cewa rigakafi ne, wasu na cewa Nasara ne ke sa wa 'ya'yan Musulmi shaida kamar shanu. Mu ma ɗaliban mun rabu. Ni ne ja-gaban masu cewa wanzamai ke zuga mutane, a kwashe asakensu a zuba a gulbi. (Wata bakwai ke nan da na koyi wanke hannu da sabulu, amma ji nake duk Gwandu babu kamata.)

Aka tura ni Kalgo tare da Umaru, ɗan wanzamai daga Malisa, mai sanyin magana har ya ba ka haushi. Ruwan lambar da muka ɗauko kwana huɗu yake yi a zafi ya lalace. Likita ya ja mana kunne: kome saɓaninmu, kada ɗaya ya kunyata ɗaya gaban jama'a.

Muna sauka Umaru ya ce, "Malam, mu hwara gaida Sarkin Aska. Ba a tsaga jikin kowa garin ga sai da izninai."

Na ce, "Ni? In tuɓe takalmi in durƙusa wa mai ƙaho?"

Na hau turmi a bakin kasuwa, na shiga wa'azin tsabta. Na ce aska ɗaya ke yi wa gari duka aski da kaciya, jahilci ke nan. Umaru ya ja mini riga. Na nuna shi na ce, "Kun gan shi, shi ma jinin aska ne, shi ya sa abin ke masa zafi!"

Wata tsohuwa mai daddawa ta ɗago kai. "Ɗan nan, taka kaciyar Bature ya yi ma?"

Kwana biyu ko akuya ba a kawo mana ba. Umaru kuwa ya yi fushi da ni. Ga shi ana cewa agana ta iso ƙauyukan gefe.

Ana haka sai maruru ya fito mini inda akumarin jakin da na hawo ya goge ni (wurin da mutum ba ya iya gani, balle ya yi wa kansa aiki). Ba zama, ba tafiya. Rana ta uku na roƙi Umaru ya tsaga.

Ya ce, "Ai na hwaɗa maka, Malam. Ni ban da izni."

Haka ya riƙe ni, ina tattale ƙafa, har zauren Sarkin Aska. Zaure cike da masu jiran aski. Tsohon ya dube ni yana wasa aska.

"A'aha, malamin turmi! Kwanta. Amma ka sani, ta gari duka ce."

Na kwanta rub-da-ciki, aka yaye mini riga. Umaru ya durƙusa ya ce, "Baba, in ka yarda a sa ta ruwan zahi tukuna. Haka aka koya muna."

Tsoho ya ce, "To, ka ji magana irin ta mutane." Ya sa aka dafa ta.

Ihun da na yi, an ce har jakunan kasuwa sun amsa.

Da ya gama, ya aika aka kawo jikokinsa, ya ce Umaru ya yi musu lamba a nan zauren. Kafin la'asar layi ya kai bakin masallaci, ruwan lamba ya ƙare bai lalace ba. Ni kuwa ina tabarma a kife, duk uwar da ta wuce da goyo sai ta ce, "Sannu, Likita. Ya wurin?"

Tun ranar, duk wanda zan zaga sai na fara lissafa sassan jikina da hannuna ba ya kaiwa. Suna da yawa, shi ya sa kuka gan ni da ladabi.