Telen da Na Ɗauko wa Inna daga Tasawa

Ko na so in manta da ranar sunan ɗan ƙanwata Rabi, ba za ta mantu ba. Ranar ce na ɗauko tele tun daga Tasawa, na ratsa yashi da ita har ƙauyenmu, don kawai in je in tsinka kaina a gaban matan gari.

Ni malamin makaranta ne a Tasawa. A ƙauyenmu kuwa, can gefen Hawandawaki, Mushe ake ce mini, wato "Monsieur" na Faransanci, laƙabin malaman boko. Har Inna, mahaifiyata, haka take kirana, don ni ne ɗan fari, sunana ba ya fita daga bakinta. (Wannan Mushe ɗin shi ya kumbura mini kai, har nake jin duk abin da na faɗa a gidan ya zauna.)

Marigayi Baba ya bar wa Inna wata 'yar tsohuwar tele, da na'urar saka faifai, da kwali guda na faifan fina-finan Hausa. Faifan duk sun kankare, wani ma sai an hura masa iska an goge da gefen zani kafin ya yarda. Amma dai suna yi. A ciki akwai wanda ta fi so, wanda suka saba kallo tare da Baba bayan an gama aikin gona. Ta haddace shi kaf, tana riga 'yan wasan faɗin maganarsu.

Sai ni kuma na yi sabuwar salula, na shiga wani tsari da ake biyan abonma wata-wata a kalli fina-finai. Da na zo hutu na ga kwalin nan, sai na hau wa'azi. Na ce wannan ai tarkace ne, duniya ta wuce nan, yanzu komai yana cikin waya. Na'urar da telen na ba masu sayen tsoffin ƙarafa, faifan kuma aka rataye su a gona suna korar tsuntsaye. Inna ba ta yi musu ba. Cewa kawai ta yi, "To Mushe, kai ka sani."

Abin da ban gaya mata ba shi ne, fim ɗin cikin waya ba nawa ba ne. Watan da ban biya ba, an rufe. Ga kuɗin forfe na shiga intanet, shi ma daban. Abin da na zuba a shekarar nan da ya sayi kwalin Baba har da riɓi, kuma kwalin Baba ba a taɓa zuwa karɓar kuɗin wata a kansa ba. Uwa uba, wayar tana aljihuna a Tasawa, Inna tana ƙauye tana kallon bango.

In na zo na kunna mata, sai ta kai wayar har bakin hanci, ta ce mutanen sun yi ƙanana. Idonta ya fara rauni, amma kullum cewa take ɗan hazo ne kawai. Wata rana ina ɗaura kaya zan koma, ta ce, "Da dai in ƙara ganin wancan hilim namu, tun idon na da sauran amfani." Maganar ta tsaya mini a rai, na yi alkawarin ranar sunan jaririn Rabi za ta gan shi a babban allo.

Na shirya kamar mai kai lefe. Na sauke fim ɗin cikin waya tun a Tasawa, don ƙauyenmu rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudu. Na aro ƙatuwar tele wurin wani abokin aiki, na sayi kabul mai haɗa ta da waya. Taubashina Ila ya rungume ta a bayan moto, wato babur, yana tsine mini duk inda yashi ya kwashe mu. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban gwada haɗa su ba kafin mu taso. (Mushe ne fa, me zai gwada?)

Bayan la'asar aka jawo batir, aka kafa tele a babban ɗakin Rabi. Mata suka cika shi har bakin ƙofa. Inna tana ɗakinta tana lazimi, na ce bari in daidaita komai kafin ta fito. Sai da na ɗan yi jawabi ma, a kan yadda zamani ya sauƙaƙa rayuwa. Na fara nuna hotunan jariri, suka fito tangaram a allo, aka yi guɗa. Sannan na danna fim.

Kiɗa ya tashi, murya ta fito, allo kuwa baƙi ƙirin.

Na zare kabul, na hura, na mayar. Baƙi. Na kashe na kunna. Baƙi. A cikin waya ga hoto nan yana yawo lafiya lau, amma da na haɗa da tele sai ya ɓace. Can sai wani rubutu ya fito da Faransanci, wai an kulle fim ɗin don kada a kwafa, ba a yarda ya fita zuwa wani allo ta wannan hanya ba. Na yi ƙoƙarin tura shi cikin katin waya, nan ma ya ƙi. Gumi ya jiƙa mini shaddar suna.

Ila ya leƙo ta taga ya ce, "Mushe, ashe rediyo muka ɗauko tun daga Tasawa? Da ka hwaɗi ai da na sa ta aljihu."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Wanga zamani dai! Faifan marigayi babanku ko an tohwa mai yawu yana yi." Ni kuwa sai ga ni ina yi wa waya tsawa, ina cewa, "Kuɗina fa na biya!" kamar tana da kunne.

Ana cikin haka Inna ta shigo, waƙar farkon fim ɗin ce ta jawo ta. Mata suka zuba mini ido, suna jiran su ji da wane baki zan yi mata bayani. Ta laluba ta zauna a gaba, ta gyara lulluɓi, ta fuskanci wajen da sautin ke fitowa. Na buɗe baki ke nan sai ta yi murmushi.

"Yauwa, ga ta nan ta hito da tulunta," in ji ta. "Kai Mushe, Allah shi yi maka albarka. Wagga tele ta hi waccan haske."

Da farko na ɗauka rufa mini asiri take yi. Sai Rabi ta matso a hankali ta ce, "Inna, mi kike gani yanzu?"

"Ba ga shi nan tsaye bakin rijiya da farar riga ba?" Ta miƙa hannu tana nunawa, amma yatsanta bango ya nufa, can gefen telen.

Babu wanda ya ƙara dariya. Rabi ta toshe baki da mayafi, Ila ya janye kansa daga taga. Ashe hazon nan ya daɗe da zama duhu, tana ɓoyewa, tana yawo a gidan da ta sani da hannu da ƙafa. Haka muka zauna har fim ya ƙare, muna kallon baƙin gilashi, ita tana ba mu labarin abin da ke ciki. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗe mini wuri ɗaya kamar ranar ba.

Na kai ta asibiti a Maraɗi. Likita ya ce ciwon ya riga ya ci jijiyar idon, da an zo da wuri da an tsayar da shi. A hanyar dawowa Rabi ta ce mini, ba da faɗa ba, "Yaya, da faifanta na nan, ranar da hoto ya fara dushe mata da mun ji ƙorafi." 

Na dai koyi cewa abin da ake biya wata-wata aro ne, mai shi yana can riƙe da makulli. Kuma in ka ga kwali a ɗakin tsohuwa, ka tambaye ta kafin ka kira shi tarkace, ko da kai Mushe ne. Inna yanzu ta daina ɓoye larurarta, amma duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin ranar da ɗanta ya kawo ƙatuwar tele, matan gari suka sha kallo, ta ƙare da sa mini albarka. Har yau ba a samu mai ƙarfin halin gaya mata gaskiya ba. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, in ce amin.