Sikelin da Aka Koya wa Kunya

"Sannu da aiki, angona. Har yanzu kana nan kana kiwon ƙudaje?"

Aminiel bai ɗago ba. Tun da ya dawo garin Moshi daga karatu a ƙasar waje yake haɗa wa ƙungiyar mata masu madara sabon sikeli, kakarsa Mkunde kuwa ita ce mai awo. Abu ɗaya ya rage: 'yar ƙwayar lantarkin da ke mayar da nauyi lamba. Guda biyu ne a gabansa, kowace ba ta kai farce ba.

"Ba ƙudaje ba ne, tsohuwa. Wannan gaggawa gare ta, amma awonta sama-sama ne. Wannan kuwa a hankali take, ko ɗigo ya ragu sai ta faɗa."

"Sa mai gaggawar."

"Ina za ki? Bokiti ba ya gudu. Ke ma kin daina."

"Ni? Da ƙafar nan na hau Kilimanjaro na sauko shayina bai huce ba."

"Shi ya sa har yau ake tsintar haƙoranki a hanya."

"Ji mijin banza. Shekara da shekaru a ƙasar sanyi, ko zane bai kawo mini ba, sai ƙuda mai gulma."

Ya yi dariya, sai ya lura ita ba ta yi ba.

"Me mai gaskiyar ta yi miki?"

Mkunde ta zauna a bakin benci. "Saniyar Aikande, ɗaya daga matanmu, ta tsufa. Ƙungiya ba ta karɓar abin da bai kai kilo biyu ba, nata kuwa kullum saura ƙiris. Tsohon sikelina allurarsa rawa take, ni kuma na san lokacin da zan duba. Naka zai tona mata asiri a gaban mata, ta koma gida da bokitinta."

"Ashe ɓarauniya na aura."

"Ɓarauniyar da ta goya ka."

Aminiel ya daɗe yana juya ƙwayoyin da ɗan yatsa, sannan ya ture ɗaya gefe.

"Mai gaggawar kowa za ta cuta, har Aikande, yau ta ƙara, gobe ta rage. Mai gaskiyar zan sa. Amma ki faɗa wa matan zan koya mata kunya: in saura ƙiris a kai kilo biyu, ta cike gurbin ta yi shiru. Ga kowa da kowa."

"Wannan 'yar mitsitsiyar za ta ji kunya?"

"Za ta fi ki."

Mkunde ta yi dariya har da tari. Ta kwance bakin zaninta, ta ajiye masa gasasshiyar ayaba.

"Ci. Na fasa rabuwa da kai, sai na ga awon gobe."