Barcin da Na Yi a Gaban Ciyaman

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, ko da tsufa ya kai ni ga rikita sunayen 'ya'yana. Ranar ce na kusa ja wa matan unguwarmu asarar filin motsa jiki.

A asibiti aka ce ina da hawan jini, likita ya ce in riƙa motsa jiki. Kallonsa kawai na yi. Ni da nake tashi in tari ruwa tun kafin kiran salla (famfon layinmu a Nasarawa sai ya ga dama yake zuwa), in ɗora girki, in shirya yara, in kama hanyar Kakuri inda nake da teburin atamfa, in wuni a tsaye. Na tambaye shi ko duk wannan ba motsi ba ne. Ya ce wai wannan wahala ce, motsa jiki daban.

A lokacin ƙaramar hukuma ta share wani fili a bayan firamare ta ba matan unguwa shi duk safiyar Asabar. Mai koya mana Madam Kaneng ce, tsohuwar nas 'yar Filato, wadda ta girme mu duka amma ta fi mu tsalle. Maman Chidi, maƙwabciyata a kasuwa, ita ta ja ni. Gaskiya na ji daɗin wurin. Masu hijabi da masu wando duk layi ɗaya, kowa tana haki, babu mai yi wa wata dariya don kowa ta kanta take yi.

Sai labari ya zo cewa masu Keke Napep suna neman a mayar musu da filin tasha, kuma ciyaman zai zo da kansa ya ga ko ana amfani da shi. Madam Kaneng ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana roƙo kada wadda ta yi fashi, kada kuma a ba ta kunya.

Ana gobe zai zo ruwan famfo ya dawo bayan ya daɗe da ɗaukewa, na duƙufa kan wankin da ya taru har tsakar dare. Da gari ya waye ƙafafuna kamar na aro, amma na je.

Ciyaman ya iso da mutanensa, aka jera musu kujeru. Muka yi tafiya, muka yi lanƙwasa, muka ɗaga hannu sama har kafaɗa ta yi ƙara. Daga ƙarshe, kamar kullum, Madam ta ce kowa ta shimfiɗa tabarma ta kwanta, ta rufe ido, ta ja numfashi a hankali. Tawa tabarmar ta faɗo daidai inuwar darbejiya, ga iska mai sanyi. Na ja numfashi. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ruwan sanyi a fuska ne ya dawo da ni. Na ɗan buɗe ido na ga kawuna sun yi mini rumfa. Maman Chidi tana kuka tana addu'a da yarensu, wata tana salati, wata tana yi mini fifita da mayafi. Ashe kowa ta tashi tuni, an kira ni, an girgiza ni, ko motsi. Na ji ana cewa na suma.

Nan fa shaiɗan ya ba ni shawara. Suma tana da mutunci, ana yi wa mutum sannu. Barci kuwa sai dariya. Na mayar da idona na rufe (Allah Ya yafe mini, har da ɗan langaɓar da wuya).

Ina kwance na ji muryar ciyaman a kaina. Yana gaya wa Madam Kaneng cewa ba zai bari a kashe matan mutane a filin hukuma ba, gara a dakatar da abin sai an samo likita. Kowa ya san in an ce sai an samo, an binne magana ke nan. Madam ta fara bayani ƙasa-ƙasa, matar da ban taɓa jin ta yi ƙasa da murya ba.

Na tashi zaune, ruwa na ɗiga daga hijabina.

"Ranka ya daɗe, ba suma na yi ba. Barci ne ya kwashe ni."

Can daga baya wata ta ce ita dama ta ji minshari, amma ta ɗauka kakarin mutuwa ne. Sai dariya ta ɓarke, har ɗan sandan ciyaman ya juya baya yana riƙe ciki. Maman Chidi ta share hawaye ta ɗaka mini duka a kafaɗa.

"Hajiya, a gida ba a barci ne?" in ji ciyaman.

Na ce ana yi, in famfo ya bari. Ya juya ya ce wa wani na kusa da shi a duba maganar ruwan layinmu, shi kuma ya gyaɗa kai irin na mutumin da ya saba gyaɗa kai.

Filin dai yana nan a hannunmu, har an kafa mana benci. Abin da na rasa sunana ne: daga kasuwa har layinmu Hajiya Minshari ake kirana, kuma masu Keke in sun sauke ni sai su ce in sauka lafiya, a yi barci lafiya. Yanzu in Madam ta ce a kwanta, ni zama nake yi, idona a buɗe tar.

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne. Duk ranar da aka gayyato manyan baƙi, kada a ba gajiyayyiyar mace tabarma.