Odar Motar Baba a Gouna

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne ranar jana'izar Malam Mamman a Gouna, ranar da na hana mutanen gari jin kabbarar liman.

Mahaifina ya rasu ya bar mini 'yar ƙaramar motarsa, irin ta zamanin da, wadda duk Birnin Zinder aka san shi da ita. Sitiyarinta ya tsattsage, har yana yankar tafin hannu. Da na samu wani a kasuwar kayan mota sai na ce ni zan canza da kaina (ni malamin lakkol ne, aikina alli da allo, amma na sha ganin Baba yana kwance-kwance, na ɗauka gani ya isa). Na cire murfin tsakiya, na kwance babban notin, na yi ta jijjiga tsohon har ya fito. Na sa sabon, na ɗaure tam. Akwai wata siririyar waya ta oda da na ga tana reto, na tura ta ciki da yatsa na rufe. Na zaga unguwa, lafiya lau.

Washegari da hantsi Baffa Lawan, ƙanen mahaifina, ya turo ƙofa.

"Malam Mamman ya cika. Tashi ka kai ni."

Malam Mamman aminin Baba ne tun suna samari. Duk bayan kaka Baba kan je Gouna ya ɗauko shi su tafi cin kasuwa.

Mun isa an riga an ajiye makara a fili kusa da gidan, an ja sahu. Baffa ya sauka da sauri ya shiga. Ni kuma na murza sitiyari har ƙarshe don in raɓa motar gindin wata bishiyar bedi. Nan take oda ta ɗauka, ba tare da na taɓa ta ba.

Na doki tsakiyar sitiyarin, ba ta daina ba. Na kashe mota na zare makulli, tana nan tana ƙara (motocin da ba ruwan odarsu da makulli, ranar na sani). Liman ya riga ya tayar da salla. Ina hango dattawa a tsaye, ba wanda ya waiwayo, kuma wannan rashin waiwayen ya fi mini zagi ciwo. Na baya ba sa jin liman, sai suka koma bin motsin na gabansu.

Dabarar cire kan batir ba ta zo mini ba sam. Abin da hannuna ya koya jiya shi na yi: na lalubo sifana a ƙarƙashin kujera, na ɓalle murfi, na kama notin da na ɗaure da dukan ƙarfina. Gumi na shiga mini ido. Da ƙyar ya saki. Na fizge sitiyarin, wayar da ta maƙale ta tsinke, ƙarar ta mutu daidai lokacin da liman yake sallama.

Haka na fito, sitiyari rungume a ƙirji, ban samu sallar ba. Aka ɗauki makara aka wuce ta gabana. Baffa ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna, ya ce a hankali, "Ajiye, ka zo ka raka shi."

Bayan an dawo daga maƙabarta aka ce Iya Falmata, matar marigayin, tana kirana. Na shiga ina jan ƙafa, na durƙusa nesa da tabarmarta na yi mata gaisuwa, na fara ba da haƙuri.

"Kai ne ɗan Ari?" ta tambaya.

"Ni ne, Iya."

"Motarsa ce?"

"Ita ce."

Sai ta ce, "Tun asuba idona ya bushe, mata suna ta kallona. Da na ji odar nan sai na ce a raina, ga Ari ya zo ɗaukar abokinsa. Haka yake yi masa, ba ya sauka, sai ya cika mana gida da ƙara. Sai a lokacin na iya kuka." Ta share fuska da gefen mayafi. "Allah ya yi maka albarka. Amma babanka yakan ɗan saki, ya bar mutum ya sa takalmi."

Na mayar da sitiyarin da la'asar, muka dawo Zinder ba oda, Baffa yana leƙawa ta taga yana yi wa awaki tsawa. Tun daga ranar, in na buɗe abu na ga wayar da ban san aikinta ba, ba na tura ta ciki. Rufe bakina nake yi in nemi bakanike.