Gaɓa da Gaba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwa, da shekarar da wayar hannu ta shigo Legas, shekara biyu bayan sojoji sun koma bariki. Wasu suna tuna ta da alhazan da ke ta ihu cikin waya a motocin haya na danfo don a san sun saya. Ni kuwa da wani ɗan ƙaramin harafi nake tuna ta.

Sana'ata fawa ce, kuma na haura arba'in da biyar kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci a Agege. Bayan La'asar muke zama, a wata makarantar firamare da ake ara mana. Shekara uku na yi a ajin nan. Ni ne mai share allo, ni ne mai ajiye alli, kuma ni ne wanda ake cewa sababbi, "Ku yi koyi da haƙurin Baba Mahauci." (Daga baya na gane cewa ba a yabon haƙurin ɗalibi sai in ba a samu wani abin yabon ba.)

Sai ga Haladu. Ɗan ci-rani ne daga wajen Gumel, yana dako a kasuwar Mile 12. Wata huɗu kacal ya yi, amma ya riga ya fara karanta rubutun jikin motoci tun kafin su wuce. Wannan ma da na haƙura. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da ya kawo mana buhun wake gida, ya sauke shi da hannu ɗaya, uwargidana Maman Rabi ta ce, "Kai, wannan bawan Allah an ba shi ƙarfi! Malam, ka ga damtse?" Na ce na gani. Tuwon ranar nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Malaminmu, Malam Bala, haifaffen Agege ne, ya taɓa aiki a wani ɗakin shan magani. Wata rana ya zo da babbar takarda ya manna a allo: hoton mutum an feɗe shi, jajir, tun daga goshi har diddige. Ajin duk aka yi salati. Ni kuwa na gyara zama, domin yau dai an shigo gonata. Shekara ashirin da biyar ina raba tsoka da ƙashi, wa zai gaya mini?

Amma sai Malam ya ce, "Oya, Haladu, taso. Tuɓe riga."

A jikinsa aka yi darasin. Malam ya dafa kafaɗarsa ya nuna tsokar da ta rufe ta kamar hula, ita ke ɗaga hannu. Ya sa shi ya lanƙwashe hannu, ƙwanji ya taso kamar an ɓoye mangwaro a ciki. Ya ce wannan kai biyu gare ta, ita ke naɗe gwiwar hannu, ta bayanta kuma mai kai uku ita ke miƙe ta. Ya ce tsoka ja kawai ta iya, ba ta iya turi ba, shi ya sa Allah ya yi su bibbiyu: wannan ta ja, waccan ta saki. Aka gangaro tsokar ƙirji, da faffaɗar tsokar gadon baya, da ta ciki mai gida-gida. (Malam ya ce wai ni ma ina da ita, sai dai tawa ta yi nisa.) Aka zo gaban cinya mai kai huɗu, da bayan cinya, da mazaunai wadda ya ce duk jiki babu kamarta girma, har sharaɓa da agarar da ta ɗaure ta da diddige.

Na kasa daurewa. Na ce, "Malam, ai a nan agarar muke rataye sa. Kuma wannan ta gefen ƙashin baya ita ce mai laushi, ta masu tsire."

Malam ya ce, "Baba, mun gode, amma nan ba mayanka ba ce. Kada ka sa Haladu ya gudu."

Aka yi dariya, har da Haladu. Ni ban yi ba.

Da ranar rufe aji ta matso, aka ce za a gayyato manyan unguwa da iyalanmu, a karanta darasin tsokar nan a gabansu, wanda ya fi kuma a ba shi rediyo da takardar na ɗaya. Malam ya zaɓi Haladu ya yi karatun. Ni kuwa na riga na yi wa Maman Rabi alkawarin za ta ga mijinta yana karatu a bainar jama'a. Washegari na ɗauki cinyar rago na kai gidan Malam. Na ce masa ba toshi ba ne, kayan darasi ne, ya duba kawunan nan huɗu da idonsa. Ya duba, ya yi murmushi, ya ce to, ni in karanta rabin farko, Haladu ya karanta na biyu.

Har da ƙarin bayani na shirya. A darasin akwai inda aka ce idan mutum ya manyanta gaɓa takan ƙi motsi. Na ce a nan zan tsaya in ba da labarin gwiwata ta dama, wadda tsayuwar rumfa ta cinye. Na san dattawa za su ji daɗi, domin kowannensu yana da irinta. Me Haladu ya sani game da ciwon gwiwa?

Ranar Asabar da hantsi fili ya cika. Dattawa a gaba kan kujeru, har da limamin masallacinmu, mata a baya ƙarƙashin rumfa. Haladu ya fito da singileti, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya tsaya don a riƙa nunawa a jikinsa. Na ji 'yar hayaniya daga wajen rumfar mata. To a nan Shaiɗan ya same ni. Ina da tabarau da na saya a Oshodi, mai kauri kamar gindin kwalba, in ba shi ba haruffa rawa suke mini. Na dubi Haladu, na tuna yadda nake komawa in na sa shi, sai na zare shi na cusa a aljihun baya. Na ce ai darasin yana kaina.

Malam ya miƙo mini kwalin da ya yi rubutun, ya miƙo abin magana. Hannu ɗaya kwali, hannu ɗaya abin magana. Ka riƙe wannan, domin shi ya hana ni nuna gwiwa.

Na fara a hankali, ina tsintar haruffa ɗaya-ɗaya. Wanda ya koyi karatu da girma ya san abin da nake nufi: baki yana fitar da sauti, amma kunne ba ya nan, duk hankali ya tafi wajen harafi na gaba. Na wuce kafaɗa lafiya. Na wuce ƙwanji. Sai na iso layin nan. 'Yar lanƙwasar da ke kan harafin ɓa ba ta fi ƙafar sauro ba, kuma ido babu tabarau bai gan ta ba. Na ɗaga murya, lasifika ta kai har bakin titi:

"Idan mutum ya manyanta, tsoka takan saki, gaba takan ƙi motsi."

Aka yi tsit. Na ɗauka karatuna ne ya ratsa su. Sai na sauke kwalin kaɗan, na dubi dattawa, na kawo ƙarin bayanina:

"Wannan kam ni shaida ne. Tawa shekara biyu ke nan ba ta aiki yadda ya kamata, balle in an yi sanyi. Sai uwargida ta gasa mini da ruwan zafi, ta shafa man zafi, kana a samu ɗan motsi. Ga ta can, ku tambaye ta."

Liman ne ya fara. Ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa (tsokar nan mai kama da hula, na gan ta tana aiki). Wani tsohon dillalin goro ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Baba, ba kai kaɗai ba ne!" Daga nan fili ya fashe. Malam Bala ya ruga ya kama abin maganar yana cewa, "Gaɓa! Gaɓa yake nufi, jama'a! Gwiwa!" Wani daga baya ya ce, "Malam, bar shi, ai ya yi bayani!"

Na hango Maman Rabi ta ja mayafi har haɓa, ta bi ta bayan rumfa ta fice. Na koma na zauna daɓas a benci. Sai na ji ƙaras. Tsoka mafi girma a jikin ɗan Adam ta sauka a kan tabarau.

Haladu ya karanta rabinsa tsaf, aka ba shi rediyo. Da ya yi mini dariya ma da na samu abin riƙewa. Sai ya biyo ni bakin ƙofa ya rusuna ya ce, "Baba, wallahi ganinka a aji da furfura shi ya sa na daina jin kunyar shiga. Ka karɓi rediyon nan." Na ce ya riƙe abinsa. Ban taɓa jin haushin mutumin kirki kamar ranar ba.

Mako biyu ana zuwa rumfata ba don nama ba. Mutum ya tsaya yana juya tsoka, ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Oga, akwai wani mai magani a Ikorodu." Wata mai tallan agbo, jiƙon nan na Yarabawa, ta ajiye mini kwalba kyauta. A gida kuwa Maman Rabi magana ɗaya ta yi: "Gwiwar ma ka gasa da kanka."

Na koma aji, na ƙara shekara. Haladu ne ya zauna kusa da ni yana nuna mini lanƙwasa da tsinke. A lokacin na lura kalmar har da fuska ta uku: gaɓa ta jiki, gaba ta kunya, da gabar da na ƙulla da mutumin da bai ma san ana yi ba. Ta ukun ce ta zare mini tabarau. Yanzu ko sunana zan karanta sai na sa shi, kuma kowace ɓa sai na dube ta sau biyu.

Abin da na rasa ranar nan: rediyo ɗaya, cinyar rago ɗaya, tabarau ɗaya, gashin gwiwa na wata biyu, da sunan Baba Mahauci, domin har yau a Agege Baba Mai Shaida ake ce mini.